Inna da Funfunar Gurasa

Burodin da ake sayarwa a manyan kantunan unguwar Safa ta Jidda ba ya lalacewa. Na gwada shi. Na yayyafa masa ruwa, na ɗaure shi a leda, na jefa shi lungun ɗakin gwaji na manta da shi, da na dawo na same shi fari fat, sai ɗan taurin da ya ƙara. Ban san abin da suke zuba masa ba, amma funfuna ba ta kusantarsa. Ni kuwa funfuna nake nema, domin tana cikin abin da nake cin abinci da shi.

Ilimin halittu nake koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi ta 'yan mata a Safa. Ni ce malama, ni ce mai kula da ɗakin gwaji, ni ce kuma mai zuwa cefanen abin da za a feɗe. In zangon karatun halittun da ba su da ƙashin baya ya zo, rayuwata takan koma yawon neman ƙwari. Tana, tsutsar nan ta ƙasa, sai na je wurin masu sayar da shuke-shuke na roƙa a tono mini, domin ƙasar Jidda yashi ce da gishiri, tana ba ta zama cikinta sai an ciyar da ita. Jatan lande da ƙaguwa daga kasuwar kifi nake sayo su, su kwana a firij ɗina kusa da madara. Tauraron teku kuwa muna da shi a kwalba cikin ruwan magani, ya koɗe ya girmi duk 'yan ajin. Da su nake nuna wa yara yadda aka tsara jiki: jatan lande in ka tsaga shi ta tsakiya, dama da hagu su yi daidai kamar mutum, tauraron teku kuma ba shi da gaba ba shi da baya, ta duk inda ka zo masa nan ne gabansa. Yaran su toshe hanci, su ce “Abla, ƙazanta,” haka suke kiran malama, sannan su ciro waya a ɓoye su ɗauki hoto. Na yi shekaru ina wannan, kuma ba zan ɓoye ba, na gaji tun kafin shekarar da nake son ba da labarinta.

A shekarar ne Inna, mahaifiyata, ta zo wurinmu. Mu Hausawan Sudan ne, kakanninmu sun taso da niyyar Hajji suka ya da zango a bakin kogi, zangon ya zama gida. Da yaƙi ya iso garinmu, Inna ta fita tare da ƙanena da iyalinsa, suka yi ta tafiya har bakin teku, daga can maigidana ya samo mata bizar ziyara. Ta sauka Jidda da jaka guda, ta rame har na kusa wuce ta a filin jirgi. Ba ta ba da labarin hanya, ni ma ban matsa ba.

Bizar ziyara ba iƙama ba ce, wato ba takardar zaman ƙasa ba ce. Kullum cikin sabunta ta ake, ga inshorar lafiya, ga maganin ciwon sukari da Inna ke sha. Maigidana direban motar kai kaya ne, haya da cefane ke cinye abin da yake samu. Zaman Inna a Jidda a kan aikina yake tsaye. In aikin ya tafi, sai ta koma wurin ƙanena, inda suke cunkushe da wasu iyalai a ajin wata makaranta da aka mayar masauki. Wannan lissafin ba na faɗa wa kowa, amma da shi nake tashi kowace safiya.

A shaƙƙarmu, wato gidan hayarmu da ke unguwar Ammariyya, ɗaki biyu da falo a wani tsohon bene, Inna ta rasa abin yi. Mace ce da ta saba da gona da murhu, yanzu sai taga da carbi. Saboda haka duk aikin makaranta da na kawo gida sai ta matso. Da muka zo karatun yadda ƙwai ke zama halitta, na kawo yumɓun wasan yara don in ƙera matakan. Na nuna mata: ƙwaya ɗaya ta rabu biyu, biyun su sake rabuwa, a yi ta rabuwa har a sami dunƙule mai rami a ciki, sannan gefe ɗaya ya lotsa ya shige ciki. Ta karɓe yumɓun daga hannuna tana curawa kamar dawon fura, nata ma sun fi nawa kyau.

Ta ce, “Har mu haka muka faro?”

Na ce, “Har mu, Inna, da kaza, da kwaɗo.”

“Wannan lotsawar fa?”

“Daga nan hanji yake farawa.”

Ta jujjuya dunƙulen a tafinta ta ce, “Ashe shi ne babba. Shi ya sa ba ya barin mutum ya huta.”

Akwai sauran bayani, cewa a wurin tana da jatan lande wannan ramin baki yake zama, a wurinmu kuwa ɗaya ƙofar yake zama. Yara kan yi ta ƙyalƙyala dariya a kan wannan har sai na buga tebur. Ban gaya wa Inna shi ba.

Ana cikin haka mudira, shugabar makarantarmu, ta kira ni ofis. Ta zuba mini gahawa ta turo dabino, nan na san maganar ba mai daɗi ba ce. Ta ce baɗi za a rage baƙi cikin malamai, umarni ne daga sama, ba a hannunta yake ba. Ta ce mushrifa, mai duba malamai, za ta shigo ajina ranar darasin funfuna, kuma abin da ta rubuta zai yi nauyi.

Ta ce, “Ki shirya mata abin da za ta gani da idonta. Ba zane a allo ba. Fahimti?”

Na ce na fahimta. Na shanye gahawar, ɗacinta ya bi ni har aji.

Abin da za a gani da ido a darasin funfuna guda ne: gurasa da ta yi gemu. A sa gemun a mijhar, madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa, yara su ga sanduna masu baƙin kai cike da iri kamar ƙura. Sannan a tsaga gurasar a nuna musu cewa abin da ke sama 'ya'ya ne kawai, ainihin jikin funfuna zare ne siriri da ya ratsa cikin gurasar ko'ina, yana narkar da ita yana sha. Ba dabba ba ce, ba tsiro ba ce, ba ta da baki ba ta da ciki, abincinta take shiga ta zauna. Duk darasin a wannan tsagawar yake.

A makaranta ba ta yiwuwa. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana busa ɗakin gwaji kamar firij, ga mai shara ba ta barin duk abin da ya yi wari ya kwana. Gidanmu kuwa gidan funfuna ne. Danshin teku yana shigowa ta bango, takalmi in ya daɗe a lungu sai ya yi furfura. Na sayi gurasa mai zafi a wurin mai tanderun bakin layinmu, wadda ba a zuba mata komai sai gari da ruwa da gishiri. Na yayyafa mata ruwa, na ɗaure a leda, na ɗora a kan firij.

Abin da na manta shi ne garin da nake, da kuma wadda nake zaune da ita. A Jidda ba a sa gurasa a shara. Ni'ima suke ce mata. Wadda ta kwana ta bushe, a leda daban ake ɗaure ta a rataye a bango kusa da kwandon shara, masu awaki da masu tattabaru su zo su kwashe. In gutsure ya faɗi a hanya, sai ka ga dattijo ya sunkuya ya ɗauka, ya sumbace shi ya ɗora a kan katanga. Inna dama da wannan ta taso, da ta zo ta ga gari guda yana yi, sai ta ƙara ƙarfi.

Na dawo daga aiki na tarar ledar babu. Gurasata tana shanye a bakin taga, an marmashe ta, tattabaru suna shagali.

Inna ta ce, “Kin manta ni'ima a leda da ruwa. Saura kaɗan ta lalace.”

Na yi dariya a lokacin, domin akwai sauran kwanaki. Na zauna na yi mata bayani cewa lalacewar nake so, aiki ne, yara za su kalla. Ta saurare ni ta ce to. Na sayo wata na ɗora a saman kabad ɗin ɗakinmu, bayan akwati, inda ko ni sai da kujera nake kaiwa. Ta fara kamawa, wani farin gashi-gashi ya fito a gefe, raina ya yi sanyi. Washegari na hau kujera na sami ƙura kawai. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta bi wari, ta ja kujera ta hau, ta sauko da ledar, ta sauka bene ta rataye ta a bangon masu awaki.

Wannan karon ban yi dariya ba. Kaina ya ɗau zafi, maganganu suka taru a bakina, na haɗiye su domin uwa ce. Na shiga kicin na wanke kwanon da yake a wanke. Da na huce na dawo na durƙusa gabanta.

Na ce, “Inna, don Allah. In ba a ga abin nan a makaranta ba, ana iya sallamata.”

Ta ce, “Saboda gurasa?”

“Saboda abin da ke fitowa a kanta.”

Na buɗe waya na nuna mata hotonsa, baƙi da kore da fari. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, “Wannan suke so? Wannan ai mun san shi.”

Na ce, “Shi kaɗai.”

“In an gama kallon, gurasar fa?”

Na ce, “Sai a zubar, Inna.”

Ta mayar da idonta kan carbi, ni kuma na ɗauka mun gama magana.

Lokaci ya ƙure, wannan ce ta ƙarshe da za ta iya kamawa kafin ranar. Na sayo babbar gurasa, na sa ta a robar abinci mai murfi, na tura ƙarƙashin gadonmu can jikin bango. Kullum kafin in fita in leƙa, in na dawo in leƙa kafin in cire abaya. Inna tana ganina, ba ta taɓa ba. Abin ya kama sosai. Farin gashi ya lulluɓe ta, baƙaƙen kawuna suka fito a kai kamar an barbaɗa barkono, gefe ɗaya kuma wata koriya ta yi zobe. A duk shekarun da na yi ina ruɓar da gurasa ban taɓa samun mai kyau irinta ba. Ni da ke mace mai hankali, sai ga ni a kwance a ƙasa ina leƙen ƙarƙashin gado ina jin daɗi.

Ranar darasin na yi asuba na shiga wanka, maigidana ya riga ya fita. Da na fito na shirya na jawo robar, na ji ba nauyi. An wanke ta fes, an mayar da murfin.

Na fito falo. Inna tana zaune a kan darduma da kofin shayi a gabanta, ta kusa shanyewa. Kusa da ita akwai ɗan faranti an kife masa kofin gilashi. Ta turo mini shi a hankali, yadda ake miƙa abin da aka sha wahala a kansa.

Ta ce, “Ga abinki. Na kankare miki da wuƙa, ban bar ko kaɗan ba. Baƙin daban, koren daban.”

Na duba. Haka ne, ta tara su tsibi biyu, a tsanake.

Na ce, “Gurasar fa?”

Ta ce, “Kin ce shi kaɗai suke so. Ita ba ta yi laifin komai ba.”

Sai a lokacin na ga ɓurɓushi a cikin shayin. Na tambaye ta ko duka ta ci, ta ce da bismilla, ta jiƙa ta a shayi. Na tsaya riƙe da farantin, ban san wanne zan fara ji ba, tsoro ko haushi, ga direban da ke kwasar mu malamai yana ta danna hon a ƙasa. In na zauna da ita, mushrifa za ta sami aji babu malama. Na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarmu, wata Bahaushiya haifaffiyar Jidda, na roƙe ta ta riƙa leƙa Inna, in ta ga amai ko jiri ta kira ni. Ta ce, “Halas, shi ke nan, ruhi, je ki, ina nan.” Na sauka bene da faranti a hannu kamar mai kai wa maƙwabta ɗanɗano.

Mushrifa ta zauna a bayan aji, ta ɗora jakarta a cinya. Kankararriyar funfunar Inna ta yi aiki a mijhar fiye da yadda na zata. Kawunan sun farfashe, iri ya watsu, amma an ga sanduna, an ga ƙurar. Yara suka yi layi suna leƙawa, ko masu toshe hanci sun yi shiru. Da aka zo wurin tsaga gurasa ba ni da gurasa, sai na koma allon da aka ce kada in koma. Na zana gurasa, na ja zare a cikinta ta ko'ina har na cika ta. Hannuna yana zane, kunnena yana kan wayar da ke cikin aljihun tebur.

Wata yarinya a gaba ta ɗaga hannu. Ta ce, “Abla, in aka yanke wurin da ya yi kore, ana iya cin sauran?”

Tambayar da mai duba malamai ke so ke nan, na ga ta ɗago kai. Na ba da amsar da ke daidai. Na ce a'a. Na ce abin da ido ke gani a sama kaɗan ne, zaren ya riga ya ratsa ciki, kuma wasu ire-iren funfuna suna zuba guba a abin da suke ci, gubar da wuta ma ba ta kashewa. Na ce ta fi haɗari ga tsofaffi da marasa lafiya. Na ce duk gurasar ake rabuwa da ita. Na faɗa da larabci mai kyau, mushrifa tana gyaɗa kai tana rubutu. Ban taɓa jin na tsani darasin da na iya kamar ranar ba.

Ana buga ƙararrawa na fita baranda na kira maƙwabciya. Ta ce Hajiya lafiyarta ƙalau, tana ma tsince mata shinkafa. Kafin a tashi mudira ta tare ni a bakin ƙofa ta ce mushrifa ta yaba, musamman amsar da na ba yarinyar nan. Ta ce in kwantar da hankalina, baɗi ina tare da su in sha Allah. Shekara guda ke nan aka ƙara mini, kamar yadda ake ƙarawa kullum. Na yi godiya. Ban ji daɗin da na zata zan ji ba, gajiya ce kawai ta sauko mini gaba ɗaya.

Na iso gida bayan la'asar na sami Inna a bakin taga. Na taɓa goshinta, na gwada mata sukari, ya ɗan hau amma ba abin tsoro ba. Na zauna a ƙasa kusa da ita ban ko cire abaya ba, na maimaita mata darasin da na ba yara, da Hausa wannan karon. Na gaya mata zancen zare, da guba, da tsofaffi. Na ce kankarewa ba ta fitar da komai. Ta bar ni na kai ƙarshe ba ta katse ni ba.

Sannan ta ce, “A hanya irinta muka ci.”



Ta ce, “Wani mai lori ya ba mu buhu, duk ta yi kore. Ina kankarewa ina ba 'ya'yan ƙanenki tsakiyar, ni da uwarsu mu ci bayan. Ba wanda ta kashe a cikinmu. Waɗanda muka bari a hanya, ko ita ba su samu ba.”

Ta faɗa ne ba kuka ba komai, kamar tana ba da labarin damina. Wannan ne karo na farko da ta buɗe baki a kan tafiyar, kuma iyakar abin da ta faɗa ke nan. Duk abin da na gaya wa yara gaskiya ne, gobe ma shi zan sake gaya wa wani ajin. Amma ba ni da bakin sake faɗa mata shi.

Ta juyo ta dube ni. Ta ce, “Sun bar ki a aikin?”

Na ce, “Sun bar ni, Inna.”

Ta ce, “Alhamdu lillahi. To baɗi in za ki sake, ki yanko 'yar ƙarama. Wannan ta yi mini yawa.”